Davos: Tarihin Zauren da Ake Shiga da Gayyata

Duk shekara a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama muna lulluɓe muna sauraren labaran asuba, sai mu ji an ce an buɗe taron tattalin arzikin duniya a Davos. A ambaci shugaban ƙasa kaza ya yi jawabi, attajiri kaza ya yi gargaɗi, tawagar ƙasarmu ta gana da masu zuba jari. Bayan kwana biyar a ce an watse. Mu kuma mu fita kasuwa mu tarar da kwanon masara yana nan a farashin da muka bar shi, ko ma ya ƙara gaba.

Da yawanmu mun ɗauka taron wani reshe ne na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba haka ba ne. Gidauniya ce mai zaman kanta, mutum ɗaya ya kafa ta, kamfanoni ke biyan kuɗin tafiyar da ita. Ba ta kafa doka, ba ta ba da bashi, ba a kaɗa ƙuri'a a cikinta, ba a fitar da matsayar da ta ɗaure kowa. To me ke sa shugabannin ƙasashe su bar fadodinsu a tsakiyar sanyi su hau dutse zuwa wajen taron da ba ya yanke hukunci?

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce mu tuna da fatoma. A zamanin fataucin goro, idan ayari ya sauka a Salaga, fatake ba sa shiga kasuwa kai-tsaye. Suna da maigidan da ke saukar da su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya shaida idan an yi ciniki bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Goron ba nasa ba ne, jakunan ma ba nasa ba ne. Jarinsa shi ne zaurensa da mutanen da ya sani. Sana'ar da aka yi a Davos ke nan fiye da shekara 50, sai dai fataken wannan zaure shugabannin ƙasashe ne da masu manyan kamfanonin duniya.

Garin masu tarin fuka

Davos ƙaramin gari ne a gabashin ƙasar Suwizalan, a cikin tsaunuka, tsayin mita 1,560 daga gaɓar teku. Mazaunansa ba su wuce kimanin 11,000 ba. Tun daga shekarun 1860 aka san shi da jinyar masu tarin fuka, domin likitocin lokacin sun yi imani busasshiyar iskar tsauni tana warkar da huhu. Masu hali daga sassan Turai suka riƙa zuwa suna kwashe watanni a gidajen jinya. Da aka samo maganin cutar a shekarun 1940, wannan kasuwa ta mutu, gari ya koma neman abinci ta hanyar masu wasan zamiya a kan ƙanƙara da masu taruka. A 1969 aka buɗe babban zauren taro a garin, ana jiran baƙi.

Baƙon da ya sauya tarihin garin shi ne Klaus Schwab, Bajamushe, haifaffen 1938, injiniya kuma masanin tattalin arziki, wanda ya yi ƙarin karatu a Jami'ar Harvard ya dawo yana koyarwa a Jeneba. A lokacin Turawan Yamma suna cikin fargabar cewa kamfanonin Amurka za su haɗiye nasu, saboda sun fi su iya tsara aiki da sarrafa ma'aikata. Schwab ya ga dama. A Janairun 1971 ya gayyaci shugabannin kamfanonin Turai kimanin 450 daga ƙasashe 31 zuwa Davos, suka yi mako biyu suna koyon dabarun gudanar da kamfani irin na Amurkawa. Kowa da kuɗinsa ya zo. Ribar da aka samu da ita ya kafa gidauniyar da za ta riƙa shirya taron duk shekara. A farkon al'amari ke nan: bita ce ta manajoji, babu shugaban ƙasa ko ɗaya.

Shekarun da ƙasa ta girgiza

Da duniya ta ci gaba da tafiya yadda take, da wataƙila taron ya tsaya a bitar manajoji. Amma wata bakwai bayan zaman farko, ranar 15 ga Agustan 1971, Shugaba Nixon na Amurka ya sanar cewa ƙasarsa ta daina canza dala da zinare. Tun taron Bretton Woods na 1944, inda wakilan ƙasashe 44 suka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, an ɗaure kuɗaɗen ƙasashe a jikin dala, dala kuma a jikin zinare a kan dala 35 kowane oza. Nixon ya tsinke wannan igiya. Daga nan darajar kuɗi ta koma hawa da sauka kullum.

Shekara biyu bayan haka yaƙin Oktoban 1973 ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka rage fitar da man fetur, gangar mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A Najeriya wannan ne zamanin da kuɗin mai ya malalo, aka yi ƙarin albashin Udoji. A Turai kuwa masana'antu ne suka shiga uku. Masu kamfanoni suka gane cewa duk iya tsarin manaja, shawarar da wani minista ya yanke a Riyad ko Washington na iya rushe lissafinsa a dare ɗaya. Suna bukatar su ji daga bakin masu mulki. A 1974 Schwab ya fara gayyatar 'yan siyasa. Su kuma 'yan siyasa suna neman masu zuba jari. Fatoma ya sami ɓangarori biyu masu neman juna.

Ɗaya zauren da aka rufe

A wannan shekara ta 1974 ƙasashe matalauta su ma sun buɗe nasu zauren, kuma ba za mu fahimci tashin Davos ba sai mun san yadda wancan ya ƙare. Shugaba Boumediene na Aljeriya ya nemi a yi zama na musamman a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda a ranar 1 ga Mayu aka amince da sanarwar neman sabon tsarin tattalin arzikin duniya. Bukatun a fili suke: ƙasa ta mallaki albarkatun da ke ƙarƙashin ƙasarta, a daidaita farashin ɗanyen kaya irin su gyaɗa da auduga da koko, a sa wa manyan kamfanonin ƙetare linzami, a sassauta bashi. A wannan zaure ƙuri'ar Nijar daidai take da ta Amurka, kuma matalauta su ne masu rinjaye.

Rinjayen ƙuri'a bai zama rinjayen kuɗi ba. An yi ta zama ana tashi har zuwa Oktoban 1981, lokacin da shugabannin ƙasashe 22 suka haɗu a Kankun ta ƙasar Meziko, cikinsu har da Shugaba Shehu Shagari da Julius Nyerere da Indira Gandhi, suna fuskantar Ronald Reagan da Margaret Thatcher. Aka tashi ba a cim ma komai ba. Bayan wata goma Meziko ta ce ba za ta iya biyan bashinta ba, rikicin bashi ya mamaye Latin Amurka da Afirka. Waɗanda suka zo jiya suna neman a sake tsarin duniya suka koma layi ɗai-ɗai a ƙofar IMF, kowa da ƙoƙon bararsa.

Mun san abin da ya biyo baya domin a jikinmu ya ƙare. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, aka ce an ji. A 1986 aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka ƙi. Dalar da ake saya ƙasa da naira 2 ta haura naira 4 a gwanjon farko na watan Satumba. A Janairun 1994 aka raba darajar sefa gida biyu, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka wayi gari kuɗin da ke aljihunsu ya zama rabi a kasuwar duniya.

Ba a Davos aka rubuta waɗannan sharuɗɗa ba. Amma a waɗannan shekaru ne taron ya bunƙasa, har a 1987 ya sauya suna zuwa Dandalin Tattalin Arzikin Duniya, wanda ake taƙaitawa WEF. Karatun da ake bitarsa a can kuwa shi ne wanda ake ɗora mana: a sayar da kamfanonin gwamnati, a buɗe iyakoki ga kaya da jari, a janye tallafi, a bar kasuwa ta yi halinta. Zauren da kowa ke da ƙuri'a ya yi sanyi, zauren da ake shiga da gayyata ya cika.

Abin da ake yi a gefen zaure

Zai zama rashin adalci mu ce ba a taɓa ƙulla alheri a Davos ba. A 1987 Girka da Turkiyya sun kai bakin yaƙi kan haƙar mai a tekun da ke tsakaninsu. A Janairun 1988 firaministocinsu, Papandreou da Ozal, suka haɗu a Davos suka amince su kauce wa faɗa. A 1994 Shimon Peres da Yasser Arafat sun tattauna a can kan yarjejeniyar Gaza da Jeriko, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a watan Mayu. Amfanin wurin shi ne abokan gaba na iya haɗuwa a soro ba tare da wani ya ce ya je gidan wani ba.

Wannan dama ita ce kuma ke sa a yi wa mutum wankin tunani cikin ruwan sanyi. Labarin Nelson Mandela ya isa misali. Daf da fitowarsa daga kurkuku a Fabrairun 1990, ya jaddada cewa manufar jam'iyyarsa ta ANC ita ce gwamnati ta karɓe ma'adinai da bankuna da manyan masana'antu, kuma ba ya ganin za a sauya. A 1992 ya je Davos, inda ya zauna a dandamali ɗaya da Shugaba de Klerk da Buthelezi, karo na farko a wajen ƙasarsu. A gefen taron ya yi ta ganawa da masu kuɗi da shugabanni. Abin da ya fi girgiza shi, kamar yadda ya ba da labari daga baya, shi ne wakilan Sin da Biyetnam, 'yan gurguzu na haƙiƙa, da suka gaya masa su kansu suna neman jarin 'yan kasuwa ne. Ya koma gida ya shawo kan jam'iyyarsa aka ajiye maganar. Har yau 'yan Afirka ta Kudu suna gardama: wasu na cewa ya ceci ƙasar daga gudun masu jari, wasu na cewa ya bar dukiya a hannun waɗanda wariyar launin fata ta azurta. Ko wanne ne daidai, babbar manufar da miliyoyin mutane suka yi gwagwarmaya a ƙarƙashinta ta sauya bayan hirar 'yan kwanaki a wani otal da ke kan dutse.

Na Rasha ya fi wannan muni. A farkon 1996 farin jinin Shugaba Yeltsin ya faɗi warwas, ana ganin ɗan takarar 'yan gurguzu, Zyuganov, zai lashe zaɓe. Attajiran Rasha da suka mallaki kamfanonin gwamnati a farashin banza suka ga yadda ake rububin gaisawa da Zyuganov a Davos, hankalinsu ya tashi. A can Berezovsky da Gusinsky, waɗanda ba sa ga maciji, suka sasanta, suka haɗa kai da sauran 'yan'uwansu su zuba kuɗi da gidajen talabijin ɗinsu a bayan Yeltsin. A watan Yuli ya ci zaɓe.

Akwai kuma abin da ya iso har ƙofar gidajenmu. A taron 2000 aka ƙaddamar da ƙawancen samar da allurar rigakafi na Gavi, da gudummawar dala miliyan 750 daga gidauniyar Bill Gates. Wannan ƙawance na cikin waɗanda suka biya kuɗin sabuwar allurar sanƙarau da aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sannan Arewacin Najeriya daga 2011. Duk wanda ya ga annobar 1996 ya san abin da sanƙarau ke yi wa gari a bazara, ya kuma san nau'in da allurar ta tunkara ya ja baya ƙwarai. Alheri ne na gaske. Sai dai mu lura da hanyar da ya biyo: wani attajiri ne ya ga dama.

Waɗanda ke waje

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanoni kimanin 1,000 ne ke riƙe da gidauniyar, manyan cikinsu suna biyan dubban ɗaruruwan daloli a shekara, kuma gwargwadon kuɗinka gwargwadon kusancinka da masu tsara abin da za a tattauna. Mahalarta sukan kai 2,500 zuwa 3,000, kowa da katin wuya mai launin da ke nuna ɗakunan da zai iya shiga. Gwamnatin Suwizalan takan tanadi sojoji har 5,000 don tsaro.

Daga ƙarshen shekarun 1990 waɗanda ke waje suka fara ɗaga murya. Masu zanga-zanga sun hargitsa taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Seattle a 1999. A Janairun 2001, a daidai ranakun Davos, ƙungiyoyin ƙwadago da manoma da masu fafutuka suka buɗe kishiyar taro a Porto Alegre ta ƙasar Barazil. Wannan taro ya zo Afirka: Bamako a 2006, Nairobi a 2007, Dakar a 2011. Ƙungiyar Oxfam kuma ta mayar da makon Davos lokacin fitar da lissafinta. A 2014 ta ce dukiyar mutum 85 ta kai ta rabin al'ummar duniya mafi talauci, a 2017 ta ce mutum 8 ne.

Fatoma gwani ba ya faɗa da mai suka, kujera yake ba shi. Davos ta gayyaci shugabannin ƙwadago da malaman addini da mawaƙa da masu fafutukar muhalli. A 2019 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Rutger Bregman, ya tsaya a dandamali ya ce ana ta maganar taimakon talakawa amma an ƙi taɓa maganar attajirai su biya haraji. Bidiyon ya zaga duniya, taro kuma ya ci gaba yadda aka tsara.

Da zauren ya sauka a Abuja

Dandalin yana da taruka na shiyya-shiyya, kuma sau ɗaya na Afirka ya zo gidanmu, daga 7 zuwa 9 ga Mayun 2014, a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja. Shekarar ta fara da alamun nasara. A Janairu Alhaji Aliko Dangote yana cikin shugabannin babban taron Davos. Ranar 6 ga Afrilu aka sake lissafin arzikin ƙasa, aka ce ya kai kimanin dala biliyan 510, Najeriya ta zarce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. An shirya taron ya zama bikin wannan matsayi, takensa ma bunƙasar da za ta haɗa da kowa da samar da ayyukan yi.

Ranar 14 ga Afrilu da safe bam ya tashi a tashar motar Nyanya, ya kashe fiye da mutum 70, yawancinsu masu sammakon neman abinci. A daren ranar aka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok. Ranar 1 ga Mayu wani bam ya sake tashi a Nyanya. Ranar 5 ga Mayu, kwana biyu kafin buɗe taro, aka afka wa Gamborun Ngala aka kashe ɗaruruwan mutane.

Ba a ɗage taron ba. Gwamnati ta rufe makarantu da ofisoshinta na Abuja na tsawon kwana uku, ta baza jami'an tsaro kimanin 6,000. Baƙi sama da 1,000 suka zo, har da firaministan Sin Li Keqiang, suka kuma tafi lafiya ko ƙwarzane babu. Muna murna da hakan, domin baƙo amana ne. Amma a kwana ukun nan mun ga da idonmu cewa ƙasar tana iya tsare rai idan ta ɗauki ran da muhimmanci. Daf da otal ɗin akwai dandalin Unity Fountain, inda tun ƙarshen Afrilu mata masu jajayen kaya suka fara taruwa suna neman a dawo da 'yan matan. Tsakanin mai katin wuya da mai jan kallabi tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Maganar Chibok ta shiga zauren dole, domin 'yan jaridar duniya da suka zo ɗaukar labarin arziki sun koma tambayar ina yara. Shugaba Jonathan ya gaya wa mahalarta cewa satar za ta zama mafarin ƙarshen ta'addanci a ƙasar. Tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown, a matsayinsa na jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya ƙaddamar da shirin kare makarantu, 'yan kasuwar Najeriya suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara kwatankwacinsa. Aka tafa, aka watse.

Sauran tarihin mun haddace shi da sunayen garuruwa: Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Ranar da aka cika shekara 10 da Chibok, fiye da 'yan mata 80 ba su dawo ba. Ba Davos ce ta sace su ba, ba kuma aikinta ba ne ta tsare su. Wannan shi ne ainihin darasin. Alƙawarin da aka yi a zauren fatoma ba shi da majalisar da za ta bi sawunsa, ba shi da kotun da za a kai ƙara, ba shi da ranar zaɓen da za a hukunta wanda ya saɓa. Wanda ya cika ya kyauta, wanda bai cika ba sai a haɗu baɗi.

Klaus Schwab ya sauka daga shugabancin gidauniyar a Afrilun 2025, bayan shekara 54. Duniyar da ya gina zaurensa a kanta ma tana sauyawa: Amurka da ta koya wa kowa buɗe iyakoki ita ce yau ke ƙaƙaba haraji kan kayan waje, har ta kai a 2017 shugaban Sin Xi Jinping ne ya tsaya a Davos yana kare cinikin duniya. Amma muddin akwai masu mulki da ke neman jari da masu jari da ke neman kunnen masu mulki, za a sami zauren da zai haɗa su, a Davos ko a wani wuri.

Mu da ba a gayyata muna da abin yi ɗaya. Wakilan da ke zuwa can da sunanmu, da kuɗin baitulmalinmu suke hawa jirgi. Idan Janairu ta zagayo muka ji an ce tawagarmu ta dawo da alƙawuran zuba jari na biliyoyin daloli, muna da haƙƙin tambaya: da wa aka gana, me aka ce za a ba shi, a wane gari za a kafa masana'antar, kuma ina aka kwana kan alƙawuran bara.